Ɗigon da Ya Rage a Firiza

Litinin, 5 ga Mayu

Yau shugaban asibiti ya sa hannu. Za a saya wa lab ɗinmu, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, na'urar karanta ƙwayoyin halitta, guda ɗaya tak, kuma ni aka ce in duba in ba kwamiti shawarar wadda za a saya, tunda ni ce shugabar lab ɗin, ni zan zauna da ita. Shekara nawa ina roƙo, har masinjan ofishinsa ya san takuna. Ma'aikatana sun yi ta murna, an sayo lemo. Na sha, na yi dariya inda ya kamata.

Da aka watse na tsaya gaban firiza ta uku. Ban buɗe ba. Na dai ɗora tafin hannuna a ƙofar, na ji tana gurnani. Walƙiya, an sa hannu.

Laraba, 7 ga Mayu

Bayan tacewa na'ura biyu suka rage. A lab har an raɗa musu suna, ƙaramar da babbar.

Ƙaramar ba ta fi akwatin tafiya ba. Wuri ɗaya take karantawa, wurin da ka nuna mata. In ka san ciwon da ke cikin dangi, ka ce mata duba nan, kafin mako ya zagayo ta ba ka amsa. In ba ka san abin da kake nema ba, ba ta da ta cewa.

Babbar kuwa duka take karantawa, dubban wurare lokaci guda, ta nemo ɓaraka a inda ba wanda ya san zai duba. Sai dai farantin sinadaranta tsada ne da shi, kuma sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Dole sai an tara jinin mutane da yawa kafin a kunna.

Injiniya, mai kula da injinan asibiti, ya zo da tef ɗin awonsa yana ta auna bango yana girgiza kai. Ya ce, ranki ya daɗe, wannan ai motar tasha ce, ba ta tashi sai ta cika, wanda ya fara shiga shi ne zai fi shan zama. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, na ce ya auna ya tafi. Mutumin kirki ne, bakinsa ne dai ba linzami.

Juma'a, 9 ga Mayu

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zai bar ni in yi aiki.

Babanta ne ya sa wa 'yarmu suna Walƙiya, don tun da ta koyi tafiya ba a ƙara ganin ta a zaune ba. Kana juya baya ta kai ƙofa. Tana da shekara biyu da 'yan watanni ta fara tuntuɓe a inda babu komai. Daga nan cokali ya fara suɓuce mata. Sai kalmomin da ta tara suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa, takalmi, Baba. Mama ce ta ƙarshe da ta tafi. Ba ta cika uku ba. An yi hoton kai, an ɗebi ruwan baya, an yi duk gwajin da muke da shi, wasu da hannuna na yi. Har yau ciwon ba shi da suna.

Irin wannan binciken jini uku yake so, na yaro da na uwa da na uba, a karanta a gwama. Mun aika namu ƙasar waje tana kwance. Kwalin ya maƙale a hanya, a wani sito mai zafi, makonni. Ya isa a lalace, kuma a lokacin an riga an binne ta. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da na tace daga ragowar jininta, ɗigo biyu a 'yar kwalbar roba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Zai isa gwaji ɗaya, da ƙyar. Na rantse ba zai sake shiga kwali ba.

In mu biyun ne muke ɗauke da abin, kowane ciki na yi akwai ɗaya cikin huɗu ya maimaita. In a jikinta ya tsiro da kansa, kusan babu abin tsoro. Ban san wanne ba ne. Shi ya sa na ce wa mijina, Malam, babu wani ciki sai na sani. Shekara huɗu ke nan da faɗar haka, yanzu ina da arba'in da ɗaya.

Ƙaramar ba za ta iya ba, don ban san inda zan nuna mata ba. Babbar za ta iya. To, ga shi na rubuta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Inna, mahaifiyar Malam, ta wuni a nan. Labarin jikokin maƙwabciyarta tun safe. Na shiga kicin na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, 13 ga Mayu

Wakiliyar kamfanin babbar ta zo, da ƙamshin turare da biro na kyauta ga kowa. Injiniya ya sa mata Bakin Zuma tun kafin ta zauna. Ta iya aikinta, ba ƙarya. Ta haska mana hotuna a bango, yara a wani asibiti da aka yi shekaru ana neman sunan ciwonsu, na'urarsu ta gano. Ta ce ƙaramar tambayar da ka yi kawai take amsawa, tasu kuwa har wadda ba ka san za ka yi ba. Na ji maganar har tafin ƙafata. Na sunkuya kamar ina rubutu.

Injiniya ya tambaye ta, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar karatu fa? Ta ce ai akwai batir. Ya ce in batirin ya gaji fa? Ta yi murmushi ta koma kan hotunanta. Daga baya ya gaya mini faranti guda ke nan ya tafi da jinin mutane, kamar ban sani ba.

Farfesa, shugaban kwamitin, ya riga ya gama zaɓe a ransa. Yana hango takardun bincike da sunansa a sama. Ba na ganin laifinsa. Ya kusa ritaya, bai taɓa samun kayan aikin da ya dace da kansa ba, kuma shi ya koya mini riƙe kwalba. Ya raka ni har bakin bene yana cewa, 'yata, kar ki bari a mai da mu masu gwajin yau da gobe. Na ce to, Baba.

Komai na tafiya yadda nake so. Ban san me ya sa abinci ya ƙi wucewa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na zauna na rubuta sharuɗɗan da na'urar da za mu saya ya kamata ta cika. Na ba Injiniya ya duba ɓangaren wuta da sanyi. Ya karanta duka, har inda ba ruwansa.

"Ranki ya daɗe, ɗinkin ya yi kyau. Sai dai da awon mutum ɗaya aka yanka rigar."

Na ce ya je ya duba janaretansa. Ya ce bai ga inda na rubuta tsawon jiran da mai ciki za ta yi kafin amsa ba. Na ce mantuwa ce. Ya ce Allah ya kyauta, ya fita, ya ja mini ƙofa a hankali. Da buga ta ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba mantuwa ba ce.

Asabar, 17 ga Mayu

Na bar takardar tallar babbar a kan teburin cin abinci. Ina so in ce da gangan ne, ina kuma so in ce ba da gangan ba ne.

Ni da Malam muna zaune ne kamar mutum biyu da suka haɗu a ɗakin jira. Sannu, yauwa, ga shayinka, na gode. Ba faɗa. Da ma a ce faɗa ne. Tun ranar da aka kira mu aka ce kwalin ya lalace ya ce allura ba za ta ƙara shiga jikinsa don wannan maganar ba, ni kuma na juya masa baya, kowa ya riƙe nasa.

Da safen nan yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa sai na ga ya ture su, ya gyara tabarau, ya karanta tallar daga farko har ƙarshe, har ƙananan rubutun. Malamin labarin ƙasa ne, ban san abin da ya fahimta a ciki ba. Ya tambaye ni ko a nan za a yi, da hannuna. Na ce eh. Ya ce ba kwali? Na ce ba kwali.

Ya ninke takardar yadda ya same ta.

"To, in ta iso ki gaya mini. Hannun hagu ya fi jijiya."

Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji.

Litinin, 19 ga Mayu

Mun yi da Ungozoma.

Likitar masu ciki ce, ƙawata tun muna makaranta. Ni na sa mata sunan don ya ba ta haushi, ya kuwa bi ta har yau. Ita ta karɓi haihuwar Walƙiya. Ta shigo ofishina ba sallama, ta rufe ƙofa, takardata a hannunta. Tana cikin kwamitin, an raba musu da safe.

Ta fara da matanta. Masu sikila a gida, masu ciwon da suka san sunansa sarai don sun binne yaro ko biyu a kansa. Muna ɗiban samfur mu aika waje, amsa ta dawo jariri na goye a baya. Ta ce da yawan jinin da muke samu, farantin babbar ba zai cika ba sai bayan wata biyu ko uku, wato jiran dai bai canja ba, wurin zaman ne kawai ya canja. Na kawo mata hujjoji, ina da su da yawa, na kwana biyu ina tara su. Ta bar ni na gama.

"Na san abin da ke cikin firiza ta uku," in ji ta. "Ni na riƙe mata hannu kika ɗiba."

Na ce mai 'ya'ya huɗu suna tsalle a gida ba za ta koya mini jira ba.

Ta ajiye takardar a kan teburina, ta daidaita ta da gefen teburin, ta fita. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Mun haɗu a baranda, ta gaishe ni yadda take gaida dangin marasa lafiya. Na cancanta.

Amma ai iyaye irina ma suna nan, masu yara da ciwo marar suna. Kaɗan ne, na sani, a shekara da yatsu ake ƙirga su. To kaɗan ɗin ba mutane ba ne?

Juma'a, 23 ga Mayu

Ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa mata bayanin sakamako tana hutu. Ungozoma ta aiko a ce wani daga lab ya zo ya yi wa wata mata bayanin dalilin da amsarta ta makara. Ba ta ce ni ba, amma ta san ba zan tura yara su sha kunya ba. Da gangan ta yi, na san halinta.

Matar mai gyaran gashi ce. Cikinta ya fito sosai. Yara biyu ta rasa tun suna jarirai, da ciwon da ke kashe ƙarfin jiki har numfashi ya gagara. Ciwon yana da suna, mun san daidai inda ake dubawa. Tun cikin yana ƙarami aka ɗebi samfur aka aika. Shiru.

Ta zauna a bakin kujera ta rungume jakarta. Na shirya wa zagi, ban samu ba. Ta saurari bayanina na kamfanin jigila da layi da sauransu, tana gyaɗa kai, kamar ita ce za ta ba ni haƙuri.

"Likita, ni abu ɗaya nake so in sani. In sayi kayan jariri?"

Ta ce na farkon da na biyun duk ta saya, ita ta ninke su da hannunta bayan an dawo daga maƙabarta, ta rabar. Ba ta son ta sake ninkewa. In an ce wannan lafiyarsa ƙalau za ta saya. In ba haka ba za ta ara wurin ƙanwarta, abin aro ai mai shi ne ke zuwa ya kwashe. Shagon kayan yara yana jikin nata, kullum sai ta wuce ta gabansa.

Na ce ta ƙara haƙuri. Ni, da bakina.

"Ina yi, Likita. Cikin ne ba ya jira."

Allah ya yafe mini, kishinta na ji. Tana zaune gabana da wannan nauyin, ni kuma abin da ke raina shi ne ita ta san sunan abin da ya kashe nata. Na raka ta har ƙofa, abin da ba na yi wa kowa.

Da muna da ƙaramar, da ta samu amsarta tun kafin zanenta ya matse ta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na juya lissafin ta kowace fuska. In mun roƙi sauran asibitoci su riƙa kawo mana nasu don farantin ya cika da wuri? Ba su da shi, mu suke kawo wa tun asali. In mun kunna da rabin faranti? Sinadaran shekara su ƙare kafin a kai tsakiyarta. In aka saya, aka yi nawa, sannan...

Sannan me?

Ba ya fita. Na iya lissafi, shi ne matsalar.

Talata, 27 ga Mayu

Malam ya tambaye ni ko sai mutum ya ƙi cin abinci kafin a ɗebi jinin. Na ce a'a, kuma da saura, ko an zaɓa sai ta yi watanni kafin ta iso. Ya ce ya sani, yana tambaya ne kawai. Ɗazu yana gugar rigunansa na ji yana fito. Na tsaya a bayan ƙofa ina saurare, na manta ma ya iya.

Jibi kwamiti.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na shiga da takardar babbar a hannuna. Gaskiya ke nan, har bakin ƙofa babbar zan ce.

Farfesa ya yi jawabi mai tsawo, mai daɗi kuma, a kan makomar bincike da matasan da za mu horar. Injiniya ya faɗi tasa ta wuta, aka ce za a duba. Ungozoma ba ta yi dogon bayani ba, ba ta kuma dube ni ba ko sau ɗaya. Shugaban asibiti yana ta satar kallon agogo. Ya juyo ya ce, ke za ki zauna da ita, wacce?

Na ji bakina ya ce ƙaramar.

Na ci gaba da magana don kada in tsaya. Na ce cikin mutum goma da ke zuwa mana, tara sun san tambayarsu, jira ne ke cin su. Na ce farantin ba zai cika ba, wutarmu ba abin dogara ba ce, ba mu da mai zama ya tace abin da babbar za ta zubo mana. Duk abin da aka faɗa mini na ƙi ji, shi na maimaita, kamar ni na gano. Muryata ba ta yi rawa ba, na yi mamaki.

Farfesa ya cire tabarau.

"'Yata, kin san abin da kika ajiye kuwa? Ba za a sake ba mu wannan damar ina raye ba."

"Na sani, Baba."

Bai san iya sanin da na yi ba. Aka ɗaga hannu, aka gama, aka kawo ruwa.

Na wuce ɗakin sanyi inda muke ajiye sinadarai, don ba wanda ke daɗewa a ciki. Na zauna a kan kwali na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita. Na bar ki, Walƙiya. Ba wanda ya tilasta mini, an tambaye ni na ce ƙaramar. Ungozoma ce ta same ni. Ta cire farar rigarta ta lulluɓa mini, ta zauna a ƙasa kusa da ni har haƙoranta suka fara karo. Ba ta gode mini ba. Da ta gode da na mare ta.

Juma'a, 30 ga Mayu

Malam ya tambaya. Na ce ba a gama ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na gaya masa. Da la'asar, yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalman makaranta. Na faɗa a tsaye, da sauri, yadda nake faɗa wa likitoci sakamako ta waya.

Ya ci gaba da gogewa har ya gama ƙafa ɗaya. Sannan ya ce na yi daidai.

Na yi masa tsawa. Na ce ba daidai nake nema ba, daidai me ya taɓa ba ni. Na ce ya yi fushi mana, ya ce na yaudare shi, ya ce wani abu. Maƙwabta ma na san sun ji. Ya bar ni na sauke duka.

Daga nan ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi mini a shekara huɗu tsawo. Ba zan iya kawo ta daidai ba. Ya ce shi sunan ciwon bai taɓa damunsa ba, suna ba zai dawo da ita ba. Ya yarda ya ba da jinin ne don ya ga ta wannan ƙofar kaɗai zan dawo gida. Ya ce maganar wani ciki ma ya daɗe da cire rai, ni yake nema. Sai ya ajiye buroshin.

"Ke kullum da safe kina tafiya inda take. Ni ba ni da ko'ina sai kabari, shi ma ruwa ya kusa baje shi. Ki nuna mini ita."

Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa yi masa tayi ba. A raina kayan aiki ne, samfur, mai lamba. Nawa. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa rabin abin da ke cikin kwalbar nan nasa ne, ni da nake koyar da haka.

Laraba, 4 ga Yuni

Amsar mai gyaran gashi har yanzu shiru. Na kira can, an ce tana kan layi. Farfesa ya daina ce mini 'yata, Dakta yake cewa.

Asabar, 7 ga Yuni

Mun je da safe, lab ba kowa sai gurnanin injina. Na ba shi farar riga, hannun ya yi masa gajere. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya haɗe hannuwa a baya kamar ɗalibin da aka kawo ofishin shugaban makaranta, yana tsoron taɓa komai.

Na cika kwano da ƙanƙara tukuna. Haka ake yi. Abin da ya fito daga firizar nan kan ƙanƙara yake sauka, ba ya zama a hannu, don ɗumin jiki narkar da shi yake yi, kuma duk narkewa sai ta kakkarya abin da ke ciki. Na sa sababbin ma'aikata kuka a kan wannan dokar. Wannan kuwa tun asali ba ƙarfi gare shi ba.

Na sa safar hannu mai kauri, na buɗe, hayaƙin sanyi ya zubo a ƙafafunmu. Na ciro akwatin, na ciro ta, na ɗaga masa a saman kwanon. Ɗan farin abu a gindin kwalba, da lamba a jiki da rubutuna.

Ya matso da fuskarsa. Ya ce, shi ke nan? Na ce shi ke nan.

Sai ya miƙo tafin hannunsa, yadda yake miƙowa in na fito da ita daga wanka. Na saka masa. Ban yi tunani ba, ko kuma na yi, ban sani ba. Ya rufe yatsunsa a kai.

"Kai, sanyi," in ji shi, a hankali. Ya ɗora ɗaya hannun a sama.

Maganar ta zo har haƙorana. Malam, kawo, za ta narke. Ga kwanon ƙanƙara a gabana. Na san abin da ke faruwa cikin hannun nan dalla-dalla, ba wanda ya fi ni sani a duk asibitin. Na riƙe gefen teburin na yi shiru.

Ya zauna a kan kujerar aiki ya sunkuyar da kai yana mata magana ƙasa-ƙasa. Na ji kaɗan. Ya gaya mata kyanwar maƙwabta da take kora ta tsufa, ba ta hawa katanga yanzu. Ya ce furfura ta fito masa, in ta gan shi za ta yi dariya. Ya ce an canja ƙofar da take suɓucewa ta ciki. Ya yi mata addu'a. Ban san tsawon lokacin ba, ban duba ba.

Da ya buɗe hannun farin ya tafi, sai ɗigon ruwa garau yana motsi a gindin kwalbar. Ya dubi fuskata ya sha jinin jikinsa. Ya ce, na ɓata wani abu? Na ce a'a.

Ban san ko ƙarya na yi ba. Mai yiwuwa zai karantu har yanzu, mai yiwuwa ba zai karantu ba, kuma ba mu da na'urar da za ta tambaye shi. Na mayar da ita wurinta na rufe. Na zubar da ƙanƙarar, na wanke kwanon.

A mota ya ce, Maman Walƙiya, mu tsaya mu sayi burodi? Rabon da ya kira ni haka tun tana raye. Na ce to, ina kallon taga.

Laraba, 18 ga Yuni

Ƙaramar za ta iso ƙarshen wata mai zuwa. Injiniya yana ta ja mata waya yana mita.

Mun zauna da Ungozoma a ofishinta muna tsara yadda samfur zai riƙa zuwa daga wurinta, wace kwalba, wa zai kawo. Ana cikin haka na tambaye ta shekarun mace mafi tsufa da ta karɓi haihuwarta a bana. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce arba'in da biyar, uwa da ɗa lafiya. Ta ci gaba da rubutu, sannan ta ajiye biron.

"Kin san dai ba mu sani ba. Zai iya zama ɗaya cikin huɗu."

"Ni na koya miki lissafin."

Ta jawo durowa, ta ciro kwalbar ƙwayoyin nan da ake ba mata su fara sha kafin su ɗauki ciki, ta ajiye kusa da jakata, ta koma kan maganar wa zai kawo samfur ranar da masinja ba ya nan. Na ce mata don tsarin lab na tambaya. Ta ce ta sani.

Tsoro nake ji. Ban yanke komai ba, ban ce wa Malam komai ba, ba abin faɗa ba ne. Kwalbar tana cikin jaka, ban buɗe ba. Na dai ga an rubuta a jikinta da safe ake sha, bayan an ci wani abu.

Gobe zan karya kafin in fita. Kwana biyu ina zuwa aiki ba ci, shi ya sa.